Agarar Kande

Alhamis, 10 ga Afirilu, bayan Azahar

Ɗiyarmu Munira ta haihu. Mace aka samu, uwa da ɗiya duk lafiya. Alhamdu lillahi.

Bari in sake rubutawa in gani da idona: Munira ta haihu, ni Nomau ina da jika. Tun da na gama makarantar dare ban taɓa jin daɗin iya riƙe bik, wato biro, kamar yau ba. An miƙo mini ita cikin zane, nauyinta bai kai tiyar gero ba. Kunnuwana ta kwaso, Allah ya ba ta haƙuri. Na ce mata, "Sannu da zuwa, amaryata." Matata Kande ta ce, "Ku ji tsoho, ko haƙoran kirki babu yana neman aure." Ungozoma ta yi dariya har ta dafa bango.

Daga asibiti zuwa unguwarmu Kara-Kara duk wanda na gamu da shi sai da na gaya masa. Mai kabu-kabun da ya ɗauko ni ya ce, "Baba, ka riga ka faɗa mini a randabawul." Na ce to ka sake ji.

Gidanmu za su zauna, tunda haihuwar fari ce. Kande za ta yi wa Munira wankan jego har arba'in.

Juma'a, 11 ga Afirilu, da hantsi

An fara wanka. Tun asuba Kande ta hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, ta zuba ganyen dogon yaro, ta ja ruwan zuwa makewayi bokiti bokiti. A tsaye take fyaɗa wa Munira ruwan da ganye. Da yamma kuma haka. Tsakani ga kunun kanwa, ga wankan jaririya, ga wanki.

Na ga tana jan ƙafar hagu. Agarar ce, jijiyar nan ta bayan dunduniya da ta fara damunta tun damina. Na yi magana, ta ce, "Ba komai, Malam. Kauce mini daga hanya."

Lahadi, 13 ga Afirilu, bayan La'asar

Amarya ta kama mini yatsa ta ƙi saki. Na zauna haka har ƙafata ta yi sanyi.

Talata, 15 ga Afirilu, bayan La'asar

Da safe Kande ta sauko daga gado, ta taka, ta zube zaune. Ba ta yi kuka ba, sai ta ce in rufe ƙofa kada Munira ta gani. Duk da haka sai da ta yi wankan, tana dafa bango.

Na kai ta wani ƙaramin asibiti da ke da mai gyaran jijiya, kine suke ce musu. Madam Hafsa sunanta, ba ta girmi Munira da yawa ba. Ta matsa agarar da yatsu biyu, Kande ta ja numfashi. Aka yi eko, hoton nan da ke nuna cikin jiki a allo. Madam ta ce jijiyar ba ta tsinke ba, amma ta yi kauri ta gaji, kamar igiyar guga da ta daɗe tana goga bakin rijiya. Ta ce suna da inji da ke bugun wurin, da Faransanci ta kira shi ond-da-shok. Na ce lantarki za a sa mata? Ta ce a'a Baba, bugu ne ƙanana masu sauri da ke ratsa fata su kai ga jijiya, su tashi jini ya zo wurin, jiki ya ɗauki gyaran da ya yi watsi da shi. Ba yanka, ba allura. Sau ɗaya a mako, kowace Laraba, makonni kaɗan, kuma sauƙin ba nan take yake zuwa ba.

Sai ta kafa sharaɗi. Ba ɗaukar kaya mai nauyi. Ba doguwar tsayuwa. Ba shan ƙwayar kashe kumburi, don tana ɓata aikin injin. Kuma kullum ta dafa bango ta ɗaga dunduniya a hankali ta sauke, kamar yadda ta nuna mata.

Ta ce, "Mama, wa ke miki aikin gida?"

Kande ta dube ni. Na ce, "Akwai yara."

Babu yara. Mu uku ne a gidan, sai amarya ta huɗu.

Laraba, 16 ga Afirilu, bayan Magariba

An yi na farko. Kande ta kwanta rub da ciki, aka shafa mata wani mai sanyi, Madam ta ɗora bakin injin a kan agarar. Girmansa kamar ƙaramar taɓarya, ƙararsa kamar keken ɗinki in tela na sauri ranar jajibere. Kande ta cije gefen mayafinta. Madam ta ce, "In ya yi yawa ki faɗa in rage." Kande ta ce, "Ƙara, ƴata, in zai sa a gama da wuri." Madam ta ce ba haka yake aiki ba.

Bai daɗe ba aka gama. Wurin ya yi ja. A hanya ta ce mini, "Wannan ɗan abu ne aka yi ta kuranta shi? Sakiyar wanzami ta fi shi zafi."

Gobe suna.

Alhamis, 17 ga Afirilu, bayan Isha'i

An raɗa suna. Mahamud, mijin Munira, ya zo da danginsa daga garinsu Mirriya tun da duhu, da rago mai kyau. Liman ya faɗi sunan. Sunan Babba suka sa mata, marigayiya ɗiyarmu ta fari. Ba wanda ya gaya mana tun da farko. Ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba tana raye, ba zan fara rubuta shi yanzu ba.

Kande ta shige ɗaki ta daɗe.

Hajiya Rakiya, uwar Mahamud, ita ta kawo shawarar, haka na ji daga baya. Mace ce doguwa mai murya, in tana magana a tsakar gida ana ji a zaure. Ta iske ni ta ce, "Malam Nomau, mun yi muku karambani." Na ce wannan ba karambani ba ne, Allah ya saka da alheri. Sai ta ce, "Na ga ƴar uwata tana ɗingishi. In wankan ya yi mata nauyi ku ba ni su. Gidana da rijiya, ga itace, ga hannuwa." Na ce tuntuɓe ne kawai ta yi jiya.

Munira ta ce Yaya za ta riƙa kiran jaririyar, yadda take kiran Babba. Ni dai amaryata ce.

Asabar, 19 ga Afirilu, da hantsi

Na gaya wa Kande maganar Hajiya Rakiya. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba inda za ta."

Na ce ai Mirriya ba nisa, kuma da asibiti a garin.

Ta ce, "Hamdara ma an ce mini ba nisa."

A Hamdara Babba ta yi nata wankan, gidan surukanta, don a waccan shekarar Kande tana jinyar mahaifiyarta. Can ta rasu. Na taɓa zama kaka na ƴan kwanaki, ban ma ga yaron ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Kuma in faɗi gaskiya, da ta ce ba inda za ta sai na ji sanyi a raina. Ni ma ba na so a ɗauke mini amarya.

Litinin, 21 ga Afirilu, bayan Asuba

Na karɓi abin da zan iya karɓa. Famfon unguwa ba ya kawo ruwa sai gab da asuba, bazarar bana ta yi tsanani. Na ari amalanke na jera bido, jarkokin ruwa, na bi layi da mata. Na fasa itace, na hura wuta, na kai bokiti har bakin makewayi. Daga nan iyakata. Namiji ba ya shiga wurin wankan ɗiyarsa.

Matar maƙwabcina Tanimu ta ce za ta riƙa shigowa ta yi wankan safe. Kande ta yi mata godiya mai kyau, ta raka ta har ƙofa, ta dawo ta ce mini, "Ba hannun da zai taɓa ta sai nawa."

Talata, 22 ga Afirilu, da yamma

Tanimu ya gan ni da amalanke ya ce, "Malam Nomau, zane kawai ya rage a ɗaura maka. Wace kala kake so in sayo?" Na ce, "Irin wadda matarka ta saya maka bara." Ƴan majalisa suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Daga baya ya kama mini turi har ƙofar gida.

Amarya ta fara bin haske da ido.

Laraba, 23 ga Afirilu, bayan Azahar

Bugun inji na biyu. Wuta ta ɗauke muna shiga, muka jira aka tada janareto. Madam Hafsa ta tambaya ko ana hutawa. Na ce ana hutawa. Ta tambaya ko ana ɗaga dunduniya. Kande ta ce kullum. Wannan gaskiya ne, tana yi a jikin bangon madafa, tana zagin ƙafar kamar akuyar da ta shiga gona.

Madam ta dube mu duka biyu, ta kunna injin.

Juma'a, 25 ga Afirilu, bayan Masallaci

Kande tana tafiya da sauri kwana biyun nan. Na yi murna, na ce injin ya fara aiki. Har na gaya wa Tanimu.

Asabar, 26 ga Afirilu, bayan La'asar

Ba injin ba ne. Ina neman ashana a kan randa na ga ƙullin leda, jajayen ƙwayoyi irin na masu tebur a kasuwa. Na nuna mata. Ta ce, "Ka ajiye inda ka gani."

Na ce, "Madam ta hana."

Ta ce, "Madam ce za ta zo ta tsaya a makewayi?"

Na ajiye inda na gani.

Lahadi, 27 ga Afirilu, da hantsi

Hajiya Rakiya ta kira a wayar Munira, ta ce a ba ni. Ta tambayi ƙafa. Na ce ta warke sarai. Munira tana zaune tana ba da nono, tana jina. Da na miƙa mata wayar ba ta dube ni ba.

Litinin, 28 ga Afirilu

Zafi. Ba abin rubutawa.

Laraba, 30 ga Afirilu, bayan Magariba

Madam Hafsa ta ƙi sa injin yau.

Ta ɗaga zanen Kande ta ga yadda wurin ya kumbura ya yi zafi. Ta sake yin eko. Ta nuna mini wani abu a allon, ban gane ba, amma na gane fuskarta. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Baba, yaran nan da ka ce akwai, su nawa ne?"

Na dubi Kande.

Kande ce ta ce, "Ɗiyata ce ke jego."

Madam ta ce, "Mama, ni ma an yi mini wankan nan, na san aikinsa. Ƙwayar tana rufe miki baki ne kawai, jijiyar tana can tana ci. Injin yana tsokano gyara, ke kina rushewa safe da yamma. In kika ci gaba haka tana iya tsinkewa, kuma in ta tsinke ba ni ba ce, aikin tiyata ne da filasta da wata da watanni a kwance. Wa zai goya jikar taki?"

Kande ta ce, "Saura kwana ashirin a yi arba'in."

Madam ta ce, "Ban ce za ta kai ba."

Ta ba mu randebu, wato ranar dawowa, Laraba mai zuwa. In kumburin ya sauka a ci gaba, in bai sauka ba ta tura mu babban asibiti. Muka hau adaidaita muka koma. Muna isa gida Kande ta ce in hura wuta, wankan yamma ya yi latti. Na hura.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan Azahar

Da safe na kai bokiti bakin makewayi, na juya ke nan na ji ƙarar faɗuwa da ruwa ya watse. Munira ta kira, "Baba." Na tsaya a waje kamar gunki, ba halin shiga. Sai ga su sun fito, mai jego ce ke tallabe da uwarta, jikinta duk ganye. Allah ya taimaka ruwan bai zuba a kan kowa ba.

Munira ta zaunar da ita a tabarma, ta shiga ɗaki ta sa kaya, ta fito ta durƙusa gabanmu. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Inna, ni ba Yaya ba ce. Lafiyata lau. An auna ni, jinina daidai. Ke ce ba lafiya."

Kande ta ce, "Rufe mini baki."

Munira ta ce, "Na rufe. Amma na riga na kira Hajiya tun jiya da kuka dawo. Gobe tana tafe." Sai ta juyo gare ni. "Baba, kai kuma ka san komai kana hura wuta."

Na ɗauki amarya na fita zaure da ita. Ta yi barci a ƙirjina, ni kuwa na yi ta kallon bango.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan La'asar

Hajiya Rakiya ta zo a motar farko. Ba ta yi mini maganar ƙaryar da na yi mata ba, hakan ya fi mini ciwo. Ta ajiye jakarta, ta ɗaura zane a ƙugu, ta shiga makewayi da Munira. Kande tana zaune a ƙofar ɗaki, ƙafa a kan matashi, tana sauraron kowane fyaɗi.

Bayan an gama suka zauna su biyu. Ni ina bakin zaure ina gyaran tayar amalanke da ba ta lalace ba.

Hajiya ta ce, "Ƴar uwa, da zan iya zama nan da na zauna. Tsohona ba ya gani, ni ke ba shi abinci a baki. Kuma ruwan garinku ba zai ishe mu ba."

Kande ta ce, "Na taɓa ba da ɗiya."

Hajiya ta ce, "Na sani. Ni ban zo karɓar ɗiya ba, ku uku na zo ɗauka. Ki zauna kan kujera a bakin makewayi, ki sa hannu ki ji zafin ruwan, in bai yi miki ba a sake. Ni in tsaya, ke ki duba."

Kande ta ce, "In kwana gidan surukai? Me mutane za su ce?"

Hajiya ta ce, "Su ce. Mutanen Mirriya ba su rasa abin faɗi ba tun kafin a haife mu. Ranar Laraba ki shiga mota ki zo wurin injinki ki koma."

Kande ta gyara ƙafarta a kan matashi. Can ta ɗaga murya ta ce, "Malam, kana ji ai. Me ka ce?"

Na san in na ce su zauna za ta zauna, ta sake shan ƙwayar gobe da asuba. Na dubi ɗakin da amarya ke kwance. Na ce, "Ku tafi."

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Mahamud ya zo da mota. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mana." Na ce ba abin yafewa, ka dai bi a hankali wurin ramuka. Ni na riƙe amarya har aka gama loda kaya. Na ce mata kada ta kula samarin Mirriya. Kande ta miƙo mini ƙullin ledar ta tagar mota ta ce in jefa a masai.

Na jefa.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan Magariba

Gidan ya yi girma. Matar Tanimu ta aiko da tuwo.

Litinin, 5 ga Mayu, da yamma

Munira ta kira ta sa mini wayar a bakin amarya. Numfashi kawai na ji da ɗan gurnani. Na ce a bar ta haka, kada a kashe.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan La'asar

Tun hantsi ina tasha ina duba motocin Mirriya. Kande ta sauko a hankali, da sabon takalmi mai ɗan tudu a dunduniya, Hajiya ce ta sa aka yi mata. Ta ce amarya ta yi kumatu, Munira tana cin abinci kamar manomi.

Madam Hafsa ta duba ta ce kumburin ya sauka. Ba a warke ba, da sauran tafiya, amma ta kunna injin. Wannan karon da ya yi zafi Kande ta ce a rage, aka rage. Madam ta dube ni ta ce, "Baba, yaran sun dawo ke nan." Na ce sun dawo.

Na raka ta tasha. Muna zaune a benci muna jiran mota ta cika, ta yi ta ƙorafi. Hajiya ba ta sa kanwa yadda ya kamata. Ganyen da suke tsinkowa ya yi tauri. Gidan da hayaniya. Sai ta gyara mayafi, ta ce, "Malam, jiya wani abu ya faru."

Na ce me?

Ta ce, "Makara na yi. Ban farka ba sai da rana ta fito. Ko da na fito an gama wankan, Munira tana zaune tana shan kunu."

Na ce, "To, sai me ya faru?"

Ta ce, "Ba komai." Ta dubi hannuwanta. "Ba abin da ya faru."

Yaron mota ya kira Mirriya saura mutum ɗaya. Na riƙe mata jaka ta hau, da ƙafar dama ta fara kamar yadda Madam ta ce. Na tsaya har motar ta sha kwana.